Wane ne "ubangida" a siyasa, kuma me ya sa yaransa ke juya masa baya?

Duk lokacin da gwamna ya saɓa da wanda ya ɗaga hannunsa, tambaya ɗaya ce ke cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta: butulci ya yi, ko 'yancinsa ya ƙwata? An yi wannan muhawara a kan jihar Ribas tun daga ƙarshen 2023. An yi ta a Kano a 2024, lokacin da kiran "Abba tsaya da ƙafarka" ga gwamna Abba Kabir Yusuf ya karaɗe gari. Kafin nan an yi ta a Edo, da Zamfara, da Borno, da Oyo, da Anambra.

Masu muhawarar duk kalma ɗaya suke riƙe da ita, wato ubangida, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Mai cewa an yi butulci yana tuna ubangidan da ya sani tun yana yaro, wanda ya ɗauki ɗan wani ya riƙe har ya zama mutum. Mai cewa a tsaya da ƙafa kuwa wani mutum daban yake hange, wanda ba a zaɓe shi ba amma yana so ya juya gwamnati daga falonsa. To wanne ne ma'anar kalmar? Daga ina ta fito, kuma yaushe ta ɗauko wannan warin da take da shi yanzu?

Kalmar a gidanta na asali

Ubangida kalma ce ta mutunci tun fil azal. Uba ne da gida, kuma tana da 'yar'uwa ta jini, wato ubangiji, wadda aka gina a kan "giji", tsohuwar siffar kalmar gida. A da ana cewa ubangijin bawa, ana cewa uwargijiya, kafin bakin mutane ya kusan keɓe Ubangiji ga Mahalicci. Akwai kuma uban ɗaki, wanda ma'anarsa ta yi kusa ƙwarai. A ɓangaren mata ba a cewa uwargida da wannan nufi, domin uwargida matsayi ne na aure. Uwar ɗaki ake cewa, ita kuma wadda ke ƙarƙashinta 'yar ɗaki.

Abin da kalmar ke tsaye a kai shi ne barantaka. Bara ba bawa ba ne. Ɗa ne mai 'yanci da ya kawo kansa ga wani babba, basarake ko attajiri ko malami, ya ce ya zo ya zauna a inuwarsa. Daga ranar nauyi ya hau kan kowannensu. Ubangida zai ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure idan lokaci ya yi, ya tsaya masa idan ya shiga hannun hukuma. Shi kuma bara zai yi hidima, ya yi rakiya, ya je aike, ya rufa asirin gida. Babu takarda, babu sa hannu, amma kowa a unguwa ya san haƙƙin kowa. Ubangidan da ya bar yaronsa cikin tsumma abin zunɗe ne, kamar yadda yaron da ya ci amanar gida ba ya samun mai ɗaukarsa.

A fagen fatauci ma haka abin yake. A zangunan Hausawa na kudu, irin su Sabo ta Ibadan, cinikin goro da na shanu ya daɗe yana gudana a hannun masu gida, waɗanda ke sauke baƙo, su adana masa kaya, su tsaya masa a kan bashi, suna da dillalai da yara a ƙarƙashinsu. Har gobe a kasuwanni yaron shago kan yi shekaru yana hidima, a ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan tsohon tsari, domin su ne za su warware sauran zancen. Na farko, ubangida daga aljihunsa yake kashewa, yaro kuma da guminsa yake biya. Na biyu, barantaka tana da ranar yaye. Alfaharin ubangida shi ne a nuna wani mai rufin asiri a ce, "Wancan yaron wane ne, ga shi ya zama mutum."

Yadda ta shiga bakin 'yan siyasa

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane yadda kalmar ta tsallaka. Da siyasar jam'iyyu ta kankama a Arewa a shekarun 1950, mutane ba su zo da sabon harshe ba. Da kalmomin fada da na kasuwa suka shigo: yaran wane, gidan wane, maigida ya ce. Wanda ya saba neman alfarma ta hannun babba, da ya shiga jam'iyya ma ta hannun babba ya nema.

Sai dai ma'anar da ake yi wa kalmar a yau tana da wani tushe na biyu, wanda ba na Hausa ba ne. Jaridun Turanci na Najeriya suna kiran irin wannan ɗan siyasa godfather. A asali wannan suna ne na addinin Kirista, na mutumin da ke tsaya wa yaro ranar baftisma, ya ɗauki alkawarin kula da tarbiyyarsa. Daga baya a Amurka kalmar ta koma laƙabin shugaban gungun 'yan mafiya, musamman bayan wani littafi na 1969 da fim ɗin da aka yi daga gare shi a 1972, dukansu da wannan suna. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, da rikicin gwamnoni da waɗanda suka kafa su ya yawaita, wannan ma'ana ta biyu ce jaridun suka ɗauka. Kafafen Hausa kuma da suka tashi ba da labarin, kalmar da ta fi kusa ita ce ubangida, sai aka sami "siyasar ubangida" da "iyayen gidan siyasa".

Nan ruɗanin ya samo asali. An zuba ma'ana biyu a kalma ɗaya, ɗaya ta tarbiyya da riƙo, ɗaya ta ciniki da barazana. Shi ya sa ɗan siyasa zai tsaya gaban jama'a ya ce "ubangidana" cikin alfahari, washegari kuma ya hau mumbari ya yi tir da "siyasar ubangida", kuma babu wanda zai ce ya yi tufka da warwara.

Ba kowane babba ne ubangida ba

Masu siyasa sun san bambancin, ko da ba su faɗa ba. A gaban idon mutum ba a cika ce masa ubangida ba. Maigida ake cewa, ko oga, ko jagora. Magoya bayan Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, alal misali, Jagora ko Madugu suke ce masa. Kalmar ubangida ta fi fitowa daga bakin ɗan jarida, ko abokin hamayya, ko yaron da ya fara shirin raba gari. Haka nan a ɗaya ɓangaren: idan ana so a yabi mutum sai a ce ɗan gida ne mai biyayya, idan ana so a kushe shi sai a ce ɗan amshin Shata ne, ko gwamnan je-ka-na-yi-ka, ko a ce ɗauki-ɗora aka yi.

A ganina ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambayi abin da babban ke nema a mayar masa. Malam Aminu Kano ya ɗaga hannun Abubakar Rimi a takarar gwamnan Kano a 1979 a jam'iyyar PRP, kuma ba a jima ba suka saɓa, jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Amma rigimar a kan alƙiblar jam'iyya ce, da yadda za a yi hulɗa da gwamnatin NPN ta Shehu Shagari da kuma gwamnonin adawa. Babu wanda ya taɓa cewa Malam ya nemi a kai masa kason wata-wata. Wannan jagora ne da mabiyi suka saɓa a kan hanya. Sardauna ma shi ne shugaban NPC alhali Abubakar Tafawa Ɓalewa, mataimakinsa a jam'iyya, yana Firaministan ƙasa, kuma an yi ta maganar inda iko na gaskiya yake. Duk da haka kowannensu yana da kujerar da aka san shi da ita da jama'ar da zai amsa wa tambaya.

Ubangida a ma'anar yau kuwa shi ne wanda ya mallaki hanyar zuwa kujera, yake ba da ita ga wanda ya ga dama, sannan yake sa ran a biya shi bayan an hau.

Me ya sa ɗan takara ke neman ubangida?

Mutane kan ɗauka rashin zuciya ne ke kai 'yan takara gidan manya. Doka ce ta fara tura su. Kundin tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Sashe na 177 ya ce wanda zai nemi gwamna dole ya zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi, haka kuma sharaɗin yake ga shugaban ƙasa da 'yan majalisa. Ke nan ƙofa ɗaya ce tak, kuma duk wanda ya riƙe shugabannin jam'iyya daga mazaɓa zuwa jiha, shi ke riƙe da makullinta.

Sai batun kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna a kan naira miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100, na sanata miliyan 20. PDP ta sayar da na gwamna miliyan 21, na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashinsa gaba ɗaya na kusan shekara 139 kafin ya sayi fom ɗin gwamna na APC. Fom ɗin kuma shi ne mafi arha a cikin lamarin. Akwai daliget da za a gani, akwai motoci, akwai wakilan akwati a dubban rumfuna, akwai sojojin baka a rediyo, akwai lauyoyi da za su raka shari'a har Kotun Ƙoli. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar gwamna kashe naira biliyan 1, kuma ta hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Duk wanda ya taɓa leƙa kamfe ya san waɗannan alƙaluma a takarda kawai suke.

Abu na uku shi ne wa'adi. Gwamna ba ya wuce zango biyu, kuma rigar kariyar da sashe na 308 ya ba shi tana tuɓewa ranar da ya sauka. Mutumin da ya yi shekara takwas yana sa hannu a kan dukiyar jiha yana da dalili mai ƙarfi na damuwa da wanda zai gaji takardunsa. Wannan ne ya sauya fasalin ubangida. A farkon jamhuriya ta huɗu yawanci attajiri ne ko tsohon ɗan siyasa da bai taɓa zama gwamna ba. Yanzu mafi yawansu gwamnoni ne masu barin gado.

A duba irin mutanen da aka fi ɗorawa. Siminalayi Fubara babban akanta ne na jihar Ribas. Akinwunmi Ambode ya riƙe wannan muƙami a Legas. Ibrahim Hassan Ɗanƙwambo ya riƙe shi a Gombe kafin ya zama babban akanta na tarayya. Abdulfatah Ahmed kwamishinan kuɗi ne a Kwara. Willie Obiano na Anambra da Udom Emmanuel na Akwa Ibom ma'aikatan banki ne. Ba na jin wannan katari ne. Ana neman wanda ya iya lissafi amma ba shi da jama'ar kansa, domin ana tsammanin wanda ba shi da jama'a ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba.

Da me ake biyan bashin?

Babu inda aka ga tsiraicin wannan ciniki kamar Anambra. Chris Ngige ya hau gwamna a 2003 da goyon bayan wani attajiri, Chris Uba, wanda bai ɓoye ba cewa shi ya kafa gwamnan da sauran zaɓaɓɓun jihar. An yi yarjejeniya a rubuce a kan naɗe-naɗe da kwangiloli, an kuma haɗa da rantsuwa a wurin tsafin Okija. Ranar 10 ga Yuli, 2003, ƙasa da wata biyu da rantsar da shi, 'yan sanda ƙarƙashin wani mataimakin sufeto janar suka tsare gwamnan, aka gabatar wa majalisar jiha takardar murabus da ya ce bai amince da ita ba. Ya tsira da kujerarsa a ranar, amma a Nuwamban 2004 'yan daba suka banka wa gine-ginen gwamnati wuta a jihar. A ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen a Maris na 2006, ta ce Peter Obi ne ya ci tun farko. Wato kujerar da ubangida da yaronsa suka kusa rushe jiha a kanta, ba ta ɗayansu ba ce.

A Oyo ma ba a yi ɓoye-ɓoye ba. Marigayi Lamidi Adedibu ya fito fili ya koka cewa gwamna Rashidi Ladoja ba ya ba shi kaso daga kuɗin tsaro na jiha. A Janairun 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige gwamnan, sai a Disamba Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, ya dawo bayan ya rasa wata goma sha ɗaya na wa'adinsa.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma da wannan karin magana ake yawan kare iyayen gida. Gaskiya ne, amma a tsohuwar barantaka wanda ya ci ladan shi ke yin askin da hannunsa. A siyasa gwamna ne ya ci ladan, baitulmali ne ke biya. Ba shi da abin da zai mayar wa ubangidansa sai kujerun kwamishina, da shugabancin ƙananan hukumomi, da kwangila, da kaso daga kuɗin da ke zuwa daga Abuja duk wata. Babu ko ɗaya a ciki da yake mallakinsa. Wannan shi ne babban bambanci tsakanin ma'anar kalmar ta da da ta yanzu, kuma shi ne abin da muhawarar butulci take tsallakewa.

Me ya sa ake yawan ɓatawa?

Domin ranar rantsuwa ƙarfi yana sauya hannu. Jiya yaro ne ke jira a falo, yau shi ke da jiniya, da asusun jiha, da rigar kariya, da ikon naɗawa da saukewa. Ubangida kuwa ba shi da gurbi a kundin tsarin mulki, kuma yarjejeniyar da suka yi ba irin wadda za a kai gaban alƙali ba ce. Su ma fadawa ba sa zama banza: kullum akwai mai raɗa wa gwamna cewa shi jama'a suka zaɓa, akwai kuma mai raɗa wa maigida cewa yaro ya fara ɗaga kai.

Tunda kotu ba za ta karɓo masa bashinsa ba, ubangida mai wayo tun kafin zaɓe yake dasa mutanensa a wuraren da za su iya cizo: mataimakin gwamna, shugabancin jam'iyya, sannan uwa uba majalisar jiha, wadda sashe na 188 ya ba ikon tsige gwamna. Shi ya sa kusan kowane rikicin ubangida a zauren majalisa yake fashewa. A Edo, cikin watan Yunin 2019, aka ƙaddamar da majalisa da mutum 9 cikin 24 ana tsaka da takun saƙa tsakanin gwamna Godwin Obaseki da Adams Oshiomhole, wanda ya ɗora shi. A Ribas wuta ta tashi a zauren majalisa a ƙarshen Oktoban 2023, a Disamba aka rushe ginin, 'yan majalisa 27 suna tare da tsohon gwamna Nyesom Wike, gwamna Fubara kuma ya gabatar da kasafin kuɗi gaban mutum huɗu.

A Arewa salon ya fi karkata ga sauya sheƙa da gwada ƙwanji a akwati. A Borno gwamna Mala Kachalla ya koma AD a 2003 bayan ya saɓa da Ali Modu Sheriff, Sheriff ya tsaya da kansa ya kayar da shi. A Zamfara Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaji Ahmad Sani Yarima a 2007, ya bar ANPP ya koma PDP, ya faɗi a 2011 a hannun Abdul'aziz Yari. Abdullahi Umar Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki zango biyu, ya gaje shi a 2015, kafin shekara ta zagayo an raba gari. A Kwara ma jini bai hana ba: a 2011 Olusola Saraki ya tsayar da 'yarsa Gbemisola, ɗansa Bukola ya tsayar da Abdulfatah Ahmed, na ɗan ne ya ci.

Abin ba na Najeriya kaɗai ba ne. A Murtaniya Mohamed Ould Abdel Aziz ya miƙa wa amininsa Ghazouani mulki a 2019, ya ƙare a gidan yari. A Angola da Botswana ma waɗanda aka ɗora sun juya wa waɗanda suka ɗora su baya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare iyayen gida suna da magana mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa babu wanda ya taɓa hawa shi kaɗai. Gidan siyasa shekaru ake yi ana gina shi, da kuɗi da ziyarar gaisuwa da zuwa jana'iza da biki, ba daidai ba ne wanda aka ɗauko daga ofis jiya ya gaje shi ya kori masu gida. Suna cewa ba don ubangida ba, ɗan talaka mai ilimi ba zai taɓa jin ƙanshin tikiti ba. Suna kawo misalin Legas, inda tun 1999 gida ɗaya ke fitar da gwamna kuma tsare-tsaren gwamnati ba su cika yankewa ba, da Borno, inda Kashim Shettima ya miƙa wa Babagana Umara Zulum a 2019 ba a ji kansu ba. Sannan suna tambaya: wanda ya ci amanar wanda ya yi masa rana, amanar wa zai riƙe?

Ɗaya ɓangaren suna cewa gwamna ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ko Baibul ya rantse zai kare kundin tsarin mulki, bai rantse wa mutum ba. Idan biyayya ga maigida ta ci karo da wannan rantsuwa, ita ce a gaba.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya ɓoye wani abu. Masu kukan butulci ba sa faɗin abin da aka nema aka hana. Su kuma masu tsayawa da ƙafa ba sa faɗin cewa yawancin waɗanda suka ƙwaci kansu, shekara takwas bayan nan su ne sababbin iyayen gida. Wike da kansa ya fito ne daga gidan Rotimi Amaechi, wanda ya yi wa shugaban ma'aikata, shi kuma Amaechi daga gidan Peter Odili. Tsayawa da ƙafa sau da yawa ba rushe tsarin ba ne, sauya mai gidan ne kawai.

Mai zaɓe ma yana da nasa hannu. Sau nawa aka ji mutum ya ce bai san ɗan takarar ba, amma tunda wane ya ɗaga hannunsa ya wadatar? Guguwar "sak" ta 2015 ta kai mutane da dama majalisa waɗanda mazaɓunsu ba su san ko muryarsu ba. Ubangida ba ya sayar da abin da ba shi da kasuwa.

Abin da ke faɗowa kan talaka

Idan ana zaman lafiya, talaka na biya a ɓoye, ta hanyar kwangilar da aka ninka kuɗinta da kwamishinan da aka naɗa don gidan da ya fito ba don abin da ya iya ba. Idan aka ɓata, a fili yake biya. Mazaɓu 14 na Edo sun ƙare zangon majalisa na 2019 zuwa 2023 babu wakili a zaure. A Ribas Kotun Ƙoli ta ba da umarni ranar 28 ga Fabrairu, 2025, a dakatar da sakin kuɗin jihar daga asusun tarayya har sai an yi kasafi ta halattacciyar majalisa. Ranar 18 ga Maris shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisa na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas kantoma. Mutanen jihar da suka yi layi a 2023 sun wayi gari babu ko mutum ɗaya da suka zaɓa a gidan gwamnati ko a majalisa. Masu karatun tarihi za su tuna cewa dokar ta-ɓaci ta farko bayan 'yancin kai, ta Jihar Yamma a 1962, ita ma daga saɓanin Obafemi Awolowo da magajinsa Ladoke Akintola ta taso.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga labarai. Aikin da wancan gida ya fara sai a yi watsi da shi don kada a ce sunansa. Ma'aikacin da ake zargin ɗan wancan ɓangare ne sai a jefa shi ƙauye. Matasa kuwa su ne ake ba makami ranar taro, su ne kuma ake kwasa a motar 'yan sanda.

A ƙasa can ma tsarin ɗaya ne. Gwamnan da ke kukan ubangida ya matsa masa, shi ne ubangidan shugabannin ƙananan hukumomin jiharsa, shi ke zaɓar su ta hannun hukumar zaɓen jiha, wadda kusan kullum jam'iyya mai mulki ke lashe duk kujerunta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a kan wannan igiya ya ɗora wuƙa, amma bai raba gwamna da hukumar zaɓen jiha ba.

Shin 'yar tinƙe za ta magance?

Maganin da aka fi ambata shi ne a ƙwace zaɓen fid da gwani daga hannun daliget a mayar wa dukan 'yan jam'iyya, wato 'yar tinƙe, bisa hujjar cewa sayen mutum dubu ya fi sayen mutum dubu ɗari sauƙi. Majalisar tarayya ta gwada wajabta hakan a 2021, shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a Disamba. Dokar da ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta bar wa jam'iyyu zaɓi uku a wancan lokaci: 'yar tinƙe, ko daliget, ko masalaha. Masalaha kuwa, a aikace, sunan ladabi ne na abin da maigida ya yanke.

Ita ma 'yar tinƙen tana da nata rami, domin rajistar 'yan jam'iyya a hannun shugabannin jam'iyya take, su ke tsara layi, su ke ƙirga kawuna, su ke rubuta sakamako. A Oktoban 2018 da 'yar tinƙe APC ta fitar da ɗan takarar gwamna a Legas. Ambode yana kan kujera, da asusun jiha mafi arziki a ƙasar a hannunsa, amma gidan da ya ɗora shi ya riga ya juya masa baya. Sakamakon da aka sanar ya ba Babajide Sanwo-Olu ƙuri'a sama da 970,000, shi kuma gwamna mai ci bai kai 73,000 ba.